Saniyar da Ta Zaga Chadi Tana Ɗaure

Dokta Muntasir Ya'akubu maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ba irin ta bakin kasuwa ba ce da iska ke kwashewa kafin la'asar. Tasa a rubuce take, da lamba da hatimi, cikin kwalabe ɗari uku da sittin. Ya ci amanar ilimi, ya ci amanar gwaggonsa, ya haɗa har da dabbar da ba ta da bakin kai ƙara.

Malami ne a sashen nazarin halittu na wata jami'a a Injamena. A sashen nan kowane malami da abin da ya sa gaba. Wani kifin kogin Shari yake aunawa, wani sauro yake kiwo cikin keji kamar mai kiwon tattabaru, wata kuma shekara shida ke nan tana bin jemagu daga wannan bishiya zuwa waccan. Shugaban sashen, Farfesa Alamin, dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma dokarsa ɗaya ce: duk mai son ƙarin girma sai ya kawo binciken da ya taka da ƙafarsa. Muntasir kuwa ba abin da yake so a duniya kamar ƙarin girman nan. Shekara bakwai yana kan matsayi ɗaya, har ɗaliban da ya koyar sun fara zama kujera ɗaya da shi a taron malamai.

Sai ya zaɓi kaska. Ya rubuta cewa zai je garuruwa huɗu, Masakori da Durbali da Mongo da Bongor, ya ciro kaska daga jikin shanun kowane yanki, a gano irin cutar da take ɗauke da ita. Farfesa ya karanta, ya sa hannu, ya ce, "Wannan aikinka ne. Kai ɗan mahauta ne, shanu ba baƙinka ba ne."

Ɗan mahauta ne, babu shakka. Kakansa da ubansa duk da wuƙa suka ci abinci a Gardole, wata unguwa a cikin Injamena. Amma Muntasir tsoron saniya yake kamar mutuwarsa. Tun yana shekara tara wani bijimi ya tsinke igiya ya bi shi har cikin masallacin unguwa, daga ranar ya yi sallama da mayanka ya rungumi boko. Yana iya zana maka cikin saniya a kan allo da alli kala uku, tumbi da hanji da saifa kowanne a wurinsa, amma in ya hango ƙaho a titi sai ya tuna yana da saƙo a ɗaya gefen.

Ranar tafiyar farko ya zo sashen da takalman roba masu kai gwiwa, da malafa, da jakar baya, ya bi ofis-ofis yana sallama kamar mai tafiya Makka a ƙasa. Aka ce a ba shi motar jami'a da direba, ya ƙi. Ya ce mai bincike na gaskiya motar kasuwa yake shiga, ya sha wuya tare da talakawa. Matarsa a gidansu na unguwar Milezi ta ɗaure masa guzurin dambun nama, ta yi masa addu'ar hanya har da ƙwalla. Ya fita, ya tare mai babur ɗin haya, ya ce a kai shi Gardole. Tafiyar minti ashirin.

A Gardole gwaggonsa Saudat take, yayar mahaifinsa. Mijinta ya rasu ya bar mata gida da saniya ɗaya, tsohuwa mai farin goshi da karyayyen ƙahon hagu, ana ce mata Kyalla. Da nononta Gwaggo ke riƙe kanta, kuma duk layin an san babu saniya mai sheƙin jiki kamarta.

"Wa nake gani kamar Muntasiru?" in ji Gwaggo. "Me ya yi zafi ka sa takalmin masu yasar kwata?"

"Aikin jami'a ne ya kawo ni, Gwaggo. Kaska nake nema."

"Kaska? Shekara ashirin kana karatu, har ƙasar Turawa, ashe kaska aka koya maka? Ai da ka faɗa tun wuri, da ubanka ya ƙare maka karatun a kwana biyu."

Ya rage murya ya ce mata aikin sirri ne na gwamnati, zai kwana biyar a ɗakin marigayi, kada kowa ya san yana nan, ko matarsa. Gwaggo mace ce mai girmama hukuma. Ta share masa ɗaki, ta rufe bakinta.

Da safe suka nufi turke. Muntasir ya ajiye kujera taku bakwai daga saniyar, ya jera kwalabensa masu ruwan magani, ya buɗe littafi.

"Matso mana ka riƙe mata wutsiya," in ji Gwaggo.

"Daga nan ma ina gani. Ilimi ba ya son a matsa kusa, sai sakamako ya lalace."

"Uhm. Haka ilimin ya ce maka ranar da bijimin nan ya raka ka masallaci."

Gwaggo ce ta tsuguna ta riƙa cire kaskar da farcenta ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana miƙa kwalba da tsawon hannu. Kuma don kada a ce mutumin ba shi da tsari, sai ya raba ƙasar a jikin saniyar. Abin da aka ciro daga kunne da wuya ya rubuta masa Masakori, tunda arewa ce. Na hantsa ya zama Durbali. Na tozo ya ba Mongo, garin duwatsu. Na ƙarƙashin wutsiya kuwa Bongor ne, can kudu. Da wannan ya lallashi zuciyarsa cewa ba ƙarya tsagwaronta yake yi ba, akwai ƙa'ida a ciki.

Sauran yinin yakan zauna a tsakar gida ya cire malafa, ya ba rana fuskarsa don ta yi duhu. Ranar komawa ya tsoma takalmansa a taɓon bakin kwata, ya biya ta kasuwa wajen unguwar Bololo ya sayi tsaraba. In daga Bongor ya ce ya dawo, busasshen kifi. In daga Mongo ne, riɗi da gyaɗa. Ya shiga sashen yana ɗingishi, ya zauna ya ba da labarin yadda mota ta maƙale a laka, da yadda wani bijimin makiyaya ya taso masa shi kuma ya riƙe ƙahonsa da hannu ɗaya. Masu kiwon sauro suka riƙa kallonsa da sha'awa.

A tafiya ta uku aka samu matsala. Kaska ta ƙare. Saniya ɗaya ce, mai ita kuma mai tsabta. Ga kajin gidan da ke yini a turke suna tsince duk wadda ta faɗo, ga Gwaggo da ke wanke Kyalla da maganin likitan dabbobi duk ƙarshen wata. Ranar suka duba daga Masakori har Bongor, kaska huɗu suka samu.

Muntasir ya fara da kajin. Ya sa aka kulle su a akurki. Wani jan zakara ya ƙi shiga, Dokta ya bi shi da takalman roba sau uku suna zaga rijiya, har ya taka kwanon dussa ya zauna a cikinsa. Da aka gama da kaji ya juyo kan Gwaggo, wadda ya tarar tana dama maganin wanka a bokiti.

"Gwaggo, zubar da shi. Kyalla yanzu ba taki ba ce ke kaɗai. An shigar da ita rajistar jami'a."

"Saniyar tawa?"

"Da lambarta da komai. Ba mai ikon wanke ta sai Farfesa ya ba da izini da bakinsa."

"Wane ne kuma Farfesa?"

"Babbanmu ne. Mutum ne mai zafi. In ya ji an taɓa ta da magani, ni da ke sai ofishin 'yan sanda."

Gwaggo ta dubi bokitin, ta dubi saniyar, ta je ta tuttular a bayan gida.

Damina ta sauka. Kaska ta samu gari babu sarki, ta hayayyafa a bangon turke da cikin ciyawar da ake kawowa daga bakin kogi. Kwalaben Muntasir suka cika, rahotonsa ya yi kauri, Kyalla kuma ta fara lalacewa. Ƙasusuwan kwankwasonta suka fito, kunnuwanta suka yi gyambo. Nonon da ke cika ƙwarya ya koma bai fi ludayi uku ba. Maƙwabciyarta Shatu ta leƙo ta katanga wata safiya ta ce, "Saudat, saniya kike kiwo ko kaska? Matar mahauci guda! Da marigayi na nan da kunya ta kashe shi karo na biyu." Gwaggo ta haɗiye maganar, don an ce mata sirri ne. Duk zuwan da Muntasir zai yi, kafin ya ajiye jaka sai ta tare shi.

"Farfesan ya yarda?"

"Yana nazari, Gwaggo."

"Wane irin nazari ne wannan da ya fi iddar mace tsawo?"

Yana ganin saniyar na ramewa da idonsa, yana cin tuwon matar da ke kwana da baƙin cikinta, bai taɓa jin loma ta tsaya masa a wuya ba. Mutum in son girma ya rufe masa ido, kukan na kusa da shi ma kiɗa yake zama.

Kwalaben duka suna zuwa hannun Dokta Na'ima, mai kula da ɗakin gwaji na sashen, mace mai faɗin magana yadda ta zo. Ita ke da injin da ke karanta jinin da kaska ta sha, ya faɗi cutar da ke ciki da dabbar da aka sha. Wata rana ta aika a kira shi.

"Dokta, zo ka ga abin al'ajabi. Jinin da ke cikin kaskar nan taka, daga kwalbar farko har ta ƙarshe, na saniya ɗaya ne."

"Kina nufin iri ɗaya."

"Ina nufin saniya ɗaya. Mace, guda. Na maimaita sau uku. Ko dai injina ya haukace, ko saniyar nan tana da babur."

Mai hankali a nan zai tsaya, ya je ya sami Farfesa ya faɗi gaskiya, a yi masa faɗa a ɗaki a rufe. Amma wanda ya hau dokin ƙarya ba shi ke riƙe da linzami ba. Sai Muntasir ya tafa hannu.

"Allahu akbar! Dokta, kin san abin da muka gano kuwa? Shanun ƙasar nan daga arewa har kudu tsatso ɗaya ne. Kusancin jininsu ya kai har inji ba ya iya raba su. Wannan ai ya fi maganar kaska girma!"

Na'ima ta dube shi ta saman tabarau. "Muka gano? Cire sunana daga takardar. Ranar da za ka gabatar ina da tambayoyi."

Ya koma gida ya shirya mata. Mako biyu yana haɗa amsoshi, shafi goma sha ɗaya, da sunayen Turawan masana da babu mai iya bin sawunsu a zama ɗaya. Duk ƙofar da Na'ima za ta iya ɓullowa ya toshe ta.

A garin nan in mutum zai gabatar da babban aiki a jami'a, dangi kan zo. Mata su yi anko, a zo da kuloli na abinci, a cika kujerun baya, ko kalma ɗaya ta Faransanci ba a ji, a jira a ga an tafa a rangaɗa guɗa. Muntasir ya ba matarsa sunayen waɗanda za a gayyata, ya tsallake Gwaggo da gangan. Matar ta duba ta ga babu yayar uba, ta ce wannan mantuwa ce irin ta masu ilimi, ba a taron dangi babu gwaggo. Ta aika mata da turmin anko har gida.

Sai da ya hau mumbari, ya gyara wuyan kwat, ya ɗaga kai, sannan ya hango ta a layi na biyu daga baya, ta kafa ɗaurin kallabi. Ya lallashi kansa cewa ba ta jin Faransanci, ya fara.

Ya nuna taswirar ƙasa da jajayen ɗigo huɗu. Ya yi bayanin wahalar hanya. Sannan aka haska hoton farko a bango, an rubuta Masakori a ƙasansa. Saniya ce an ɗauko ta daga gaba, da farin goshi da karyayyen ƙaho.

"Kyalla ce!" in ji wata murya daga baya, sai guɗa.

Mutane suka yi murmushi, suka ɗauka murnar tsofaffi ce. Aka haska saniyar Mongo, an ɗauko ta daga gefe. Guɗa. Aka haska ta Bongor, daga baya, wutsiya kawai da ƙafafu. Guɗa ta uku ta fi sauran tsawo. Muntasir ya ƙara sauri, ya haɗiye shafi biyu, ya sanar da cewa shanun ƙasar nan uwarsu ɗaya, ya tsaya. Aka tafa.

Farfesa ya ce a yi tambayoyi. Na'ima ta ɗaga hannu, Muntasir ya jawo shafukansa goma sha ɗaya. Amma kafin a ba ta dama Gwaggo ta riga ta taso, ta ratso tsakiyar zauren tana gyara mayafi, ta tsaya gaban teburin manya.

"Muntasiru, wanne ne Farfesan a cikinsu?"

"Gwaggo, koma ki zauna, sai an tashi."

"Wata huɗu ina jira, ba zan ƙara ba. Wannan mai furfurar ne ko?" Ta rusuna ta gaida dattijon da Hausa, ta ce, "Ranka ya daɗe, na zo roƙo ne. Tunda an gama, a ba ni izini in wanke saniyata."

Farfesa ba ya jin Hausa. Ya juya ga Muntasir ya ce, "Me mahaifiyarmu take cewa?"

"Albarka take sa wa sashen, Farfesa. Ta ce Allah ya ƙara basira."

Farfesa ya dafa ƙirji ya yi mata murmushi ya ce amin. Gwaggo ta ga an ce amin ba a ce je ki wanke ba. Ta dubi ɗan ƙanenta, ta ga yadda gumi ke ɗiga daga haɓarsa, ta gane saƙon bai isa ba. Sai ta juya harshe zuwa Larabcin gari, wanda tun daga Farfesa har mai sharar zauren babu wanda ba ya ji, ta kuma ɗaga murya yadda take kiran masu sayen nono.

"Na ce a ba ni izini in wanke saniyata! Kaska ta cinye ta. Yaron nan ya ce kai ka hana, sai ka faɗa da bakinka. Ga ni ga ka."

Farfesa ya gyara zama.

"Wace saniya, Hajiya?" in ji Farfesa a hankali.

"Wannan ta bangon mana. Da ta farkon, da ta tsakiyar. Duk ita ce, Kyalla. Hoton bayan nan ma bai yi mata adalci ba, da can ta fi haka cika."

"Ta taɓa zuwa Mongo?"

"Mongo? Saniyar da ko bakin titi ba ta sani ba? Shekara tara tana turke ɗaya a Gardole."

"Kaskar da ke cikin kwalaben nan fa, wa ya ciro?"

Gwaggo ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna farcen. "Ga su nan. Shi ai ba ya matsawa kusa, ilimi ya hana shi. Yana can kan kujera, in na ciro daga tozo ya miƙo wannan kwalba, in na ciro daga gindin wutsiya ya miƙo waccan. Kajina ma wata huɗu suna kulle, ranka ya daɗe, sun daina ƙwai. In da hali a haɗa su cikin izinin."

Wani daga cikin masu kiwon sauro ya fara dariya ya kasa tsayawa, sai da aka fitar da shi. Na'ima ta sauke hannunta ta ce ta janye tambayoyinta, an amsa su duka. Daga kujerun baya matar Muntasir ta miƙe tsaye.

"Gwaggo, dambun naman da nake yi masa na hanya fa?"

"Tare muke ci, 'yar nan. Hannunki da daɗi, sai dai ki rage barkono."

Muntasir ya buɗe baki ya fara wata magana da Faransanci a kan kusancin jini, ya ji muryarsa ita kaɗai a zauren kamar ta mai kiran salla a kango, ya ajiye shafukansa. Farfesa bai ko dube shi ba. Ya tashi tsaye, ya zagayo teburin, ya tsaya gaban tsohuwar.

"Hajiya, ban taɓa hana ki ba, ban ma san da saniyarki ba sai yau. Je ki wanke ta yanzu. Ki saki kajin. Gobe zan turo likitan dabbobi ya duba ta."

Gwaggo ta tsaya tana juya maganar. Ta juyo ta dubi Muntasir tun daga takalmi har wuyan kwat, ta koma Hausa, ta ce, "Ashe babu rajista." Ta ce, "Ubanka ya yanka shanu sun fi dubu, bai taɓa barin ɗaya ta kwana da ƙishirwa ba." Ta gyara mayafinta ta fita, matan anko suka kwashi kulolinsu ba a buɗe ba suka bi bayanta.

Bayan mako guda kwamitin ladabtarwa ya zauna. An soke rahoton, an zubar da kwalaben. An cire Dokta Muntasir Ya'akubu daga duk wani shirin bincike na sashen, an hana shi neman ƙarin girma har shekara biyar, an kuma liƙa takardar hukuncin da sunansa a allon sanarwa na bakin ƙofa.